Iyali mai yawa a gidan tirela a Amurka: yadda ake zama a ƙuntataccen wuri ba tare da gidan ya ruɓe ba

Gidan tirela, wanda wasu ke kira tafi-da-gidanka, a masana'anta ake ƙera shi a kan dogayen ƙarafa biyu, a ja shi da babbar mota zuwa fili, a ɗora shi a kan bulo, a kwance tayoyin. Tafiyar a suna kawai take, domin yawancinsu inda aka fara girke su nan suke tsufa. Kimanin mutum miliyan 20 ke kwana a irin wannan gida a Amurka, kuma ya fi yawa a jihohin kudu irin su Karolina ta Arewa da ta Kudu, Misisipi, Alabama, Fulorida da Tekzas. Magidanci mai 'ya'ya shida ko bakwai, wanda hayar ɗaki biyu ba za ta ɗauke shi ba, sau da yawa nan yake samun ɗaki uku a kuɗin da zai iya biya.

Wanda aka fi samu shi ne mai faɗin ƙafa 14 da tsawon ƙafa 70. Wannan a takarda ke nan. A tsofaffin gidaje wajen ƙafa 4 daga cikin tsawon na ƙarfen da ake ja da shi ne, saboda haka abin da ya rage na zama bai wuce murabba'in ƙafa 900 ba, wato kusan murabba'in mita 84. Idan ku tara ne, kowa ya tashi da ƙafa 100, a ciki har da kicin da banɗaki da lungun da ya haɗa ɗakuna.

Kowa da ƙuncin wurin yake fara kuka, amma ƙunci yana da dabara. Abin da ke cin gidan shi ne an auna shi ne da mutum huɗu ko biyar: daɓensa katako, bangonsa siriri, wayoyinsa da tankin ruwan zafinsa ƙanana. Kowane ƙarin mutum ƙarin tururi ne, ƙarin ruwa a ƙasa, ƙarin nauyi a kan waya, ƙarin kayan da za su tare hanyar fita. Waɗannan ake fara gyarawa kafin a zo kan inda za a ajiye takalma.

Kafin kuɗi ya bar hannunku

Ku zagaya bayan gidan ku nemi wani ɗan jan ƙarfe da aka manna a bango, bai kai tafin hannu ba. Shi ne shaidar an ƙera gidan bisa ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, wadda ta fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Wannan ƙa'ida ce ta wajabta ƙofar fita biyu masu nisa da juna, da taga a kowane ɗakin kwana wadda mutum zai iya fita ta cikinta. Gidan da ya girmi wannan rana, komai arharsa, kada mai yara da yawa ya saya. Inshora tana wahalar samuwa a kansa, unguwannin tirela da yawa, inda ake hayar fili a girke gida, ba sa yarda a kawo musu shi, kuma a cikinsu ne ake cin karo da wayar alminiyom da aka yi yayi daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, wadda ke sassautawa a bakin soket ta yi zafi. Araha ba ta ado.

A cikin gidan akwai takardar masana'anta, yawanci a manne cikin kabad ɗin kicin, ko kusa da akwatin wuta, ko cikin ma'ajiyar tufafi ta babban ɗaki. Tana ɗauke da shekarar ƙira, da ƙarfin iskar da gidan zai jure, da nauyin da rufinsa zai ɗauka, da irin sanyin da aka gina shi dominsa. Gidan da aka yi wa Fulorida, idan aka kai shi Minesota, kuɗin ɗumama shi kaɗai zai cinye albashi.

Sai ku taka daɓen da diddige, da ƙarfi: kewayen masai, gefen baho, ƙarƙashin kowace taga, bakin ƙofofi biyu, da gaban tankin ruwan zafi. Inda ya lotsa, ruwa ya riga ya shiga. Ku leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ku ga launin bututu. Idan ruwan toka ne mai laushi, ɗauke da rubutun PB2110, irin robar nan ce da aka yi amfani da ita daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990, wadda ke fashewa ba sallama. Ku sa kuɗin canza ta da bututun roba na zamani mai suna PEX cikin ciniki.

Maganar takarda kuwa, a yawancin jihohi gidan yana da takardar mallaka irin ta mota, in kuma a unguwar tirela gidan yake, filin yawanci na mai unguwa ne, ana biyan hayarsa duk wata. Ku tabbatar sunan mai sayarwa ne a takardar, babu bashin banki, babu ragowar haraji ko hayar fili. Kada ku biya kafin ofishin unguwar ya amince da ku a rubuce, da adadinku cif. Dokar hana wariya a gidaje ta 1968, bayan gyaran 1988, ta haramta a ƙi mutum don yana da yara, in ban da unguwannin da aka keɓe wa tsofaffi. Amma ba ta hana iyakance yawan mutane ba. Ma'aunin da HUD ke bi, wanda ya samo asali daga wata takarda da babban lauyanta Frank Keating ya rubuta a 1991, shi ne mutum biyu a ɗaki, tare da duba girman ɗakunan da shekarun yaran. Ɗaki uku mutum shida ke nan. Idan ku tara ne, ku faɗa tun farko. Ɓoye yara uku a unguwar da motar makaranta ke tsayawa a bakin ƙofa kowace safiya ba ya yiwuwa, kuma korar mai gidan tirela ta fi ta ɗan haya ciwo, domin jan gidan zuwa wani wuri dubban daloli ne.

Ruwa a ƙasa

Daɓen yawancin tsofaffin gidajen nan dusar katako ce da aka matse da gam. Da zarar ta sha ruwa sai ta kumbura, ta koma kamar biskit da aka tsoma a shayi, kuma ba ta komawa yadda take. Banɗakin ba shi da magudana a ƙasa kamar wanda aka yi da siminti. Gidan da mutum tara ke alwala sau biyar, alwala 45 ke nan a rana, ban da tsarki da buta. Ɗan abin da ke zuba a kowane karo shi ke kai masai ga nutsewa cikin daɓe.

Saboda haka alwala a cikin baho ake yin ta, a sa 'yar kujerar roba a ciki a zauna a wanke ƙafa. Buta a yi amfani da ita daidai kan masai, a ajiye ta cikin roba mai baki, ba a kan daɓe ba. A rataye tsumman goge ƙasa a bayan ƙofa, wanda ya fito ya goge, har yaro ɗan shekara biyar zai iya. In akwai kafet a banɗakin, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin gidajen, ku ɓamɓare shi a makon farko, ku shimfiɗa ledar ɗaki falle guda marar haɗi, ku bi gefenta da gefen baho da silikon. Gindin masai ma a zagaye shi da silikon, amma a bar ɗan wuri a baya, domin idan zoben kakin da ke ƙarƙashinsa ya lalace, ruwan ya fito fili a gani maimakon ya yi ta jiƙa katako a ɓoye. Masai da ke motsi idan an zauna a kai, zobensa ya riga ya saki.

Idan daɓe ya riga ya lalace, gyaransa aikin yini ɗaya ne ga mai ɗan hannu. A fara tsayar da yoyon. A ɗaga ledar, a auna kaurin katakon, yawanci inci 5/8 ne ko 3/4. A saita zurfin zarto daidai wannan kauri, kada ya wuce, domin bututu da wayoyi suna nan ƙasa kaɗan. A yanke ruɓaɓɓen wurin murabba'i, yankan ya tsaya a tsakiyar katakan da ke riƙe da daɓen, waɗanda ke da tazarar inci 16 ko 24 tsakaninsu. A gefen da ba shi da abin tokara a gitta katako mai inci 2 da 4 a ɗaure. In audugar hana sanyi da ke ƙasa ta jiƙe a fitar da ita a sa sabuwa. Sai a yanka filawud mai kauri ɗaya da tsohon daɓen, a shafa gam, a ɗaure da ƙusa mai murɗi duk bayan inci 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora sabon katako a kan ruɓaɓɓe: ruɓar tana ci gaba a ƙasa har ta kama ginshiƙan.

Akwai kuma abin da ake zubawa a magudanar kicin. Bututunta siriri ne kuma a ƙarƙashin gida yake, cikin sanyi. Manja da kitsen nama da suka tafi a narke, suna isa can sai su daskare. A juye ragowar mai a gwangwani, a share tukunya da takarda kafin a wanke.

Ruwa a iska

Wannan ba a ganinsa sai ya yi ɓarna. Kowane mutum, ta numfashi da gumi kawai, yana sakin wajen lita guda na ruwa a iska a kwana ɗaya. A ƙara tukunyar tuwo da miyar da ke tafasa awa biyu, da wankan mutum tara, da wankin da aka shanya a kan ƙofa. A lokacin sanyi wannan tururi yana neman wuri mafi sanyi ya kwanta: gilashin taga, kusurwar bango, bayan kabad, ƙarƙashin katifa. Taga ta yi gumi, ruwan ya gangara cikin bango, bayan makonni sai baƙar fumfuna, sai tarin yara da ba ya ƙarewa, musamman mai asma.

Ku sayi ɗan ma'aunin laima, ba shi da tsada, ku ajiye a lungun ɗakunan kwana. Abin nema shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In ya zauna sama da 60, gidan yana jiƙewa. Fankar da ke saman murhu a kunna ta tun kafin a ɗora tukunya, a rufe tukwane, kuma a tabbatar waje take fitar da iska, domin wasu tacewa kawai suke su mayar cikin ɗaki. Ta banɗaki a bar ta minti 20 bayan wanda ya yi wanka na ƙarshe. Gwajinta mai sauƙi ne: a kara mata fallen takardar banɗaki, in ba ta riƙe ba, ƙura ta toshe ta ko motarta ta mutu. Da safe, bayan an tashi, a buɗe taga ɗaya a kowane ƙarshen gidan na minti goma ko da ana sanyi, a share gumin tagogi da tsumma. Idan duk da haka ma'aunin bai sauko ba, sai na'urar zuƙe laima, a riƙa zubar da ruwanta kullum.

Katifar da ke kwana a ƙasa, dole a jingine ta da rana ta sha iska. Gado da kabad a janye su inci biyu daga bangon waje. Fumfunar da ba ta kai murabba'in ƙafa 10 ba, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce mai gida zai iya wanke ta da kansa da ruwa da sabulu, ya busar. Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya, iskar da ke tashi guba ce.

Ƙarƙashin gidan ma yana turo nasa danshin. Ku buɗe shingen da ya kewaye shi, wanda Amurkawa ke kira siket, ku haska tocila. Ya kamata a ga baƙar leda mai kauri, wadda ake sayarwa da lambar 6 mil, shimfiɗe a ƙasa, bakin kowane falle ya hau ɗan'uwansa da inci 12. In babu leda, shingen yana buƙatar kafar iska murabba'in ƙafa 1 ga kowace ƙafa 150 ta daɓe, wato ƙafa 6 ga gidan da muke magana a kai. Ku dubi baƙin mayafin da ya rufe cikin gidan ta ƙasa: inda ya yage ɓera da sanyi ke shiga, inda ya yi tumbi ya zazzago ruwa ne ya taru a ciki, akwai bututun da ke yoyo. Bututun na'urar busar da tufafi kuma sai ya fita har wajen shingen. Wanda ya ƙare a ƙarƙashin gida yana zuba tururin wankin mutum tara daidai gindin daɓenku.

Wa zai kwana ina

Al'ada ita ce iyaye su ɗauki babban ɗaki. A gidan tirela a juya lissafin. Babban ɗakin ya cinye faɗin gidan duka, yana ɗaukar gado mai hawa biyu guda biyu, yara huɗu ke nan. A ba wa ɓangaren da ya fi yawa, mata ko maza. Iyaye da jariri su koma ɗaya daga ƙananan, ɗayan kuma na sauran yaran. Hadisin da ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma yana da sauƙin cikawa a haka: kowa da katifarsa, kowa da ɗan labulensa a bakin gado, da 'yar fitila mai batir. Budurwar da ta fara girma, wannan labule da akwati mai makulli su ne ɗakinta, kuma ya kamata ƙannenta su san ba a ɗaga shi sai da izini.

Kafin a sayi gado a auna silin. A tsofaffin gidaje ƙafa 7 ne ko da ɗan ɗori, wato inci 84. Ana so a bar wajen inci 30 tsakanin katifar sama da silin don yaro ya iya zama. Gado mai hawa uku ba ya shiga wannan lissafi. Wanda ya fi shi ne mai hawa biyu da ke da na uku mai taya da ake turawa ƙarƙashi da rana. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta gargaɗi kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama. Makarin gadon sama ya kasance a gefe biyu, har ɓangaren bango, ya ɗara saman katifa da inci 5, kuma kada wata kafa a jikinsa ta wuce inci uku da rabi, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Katifa mai kauri tana cinye tsayin makarin, a sayi siririya. Fankar silin da ke kusa da gadon sama a cire ta.

Abu biyu gado ba zai rufe ba: taga, da kafar da ke hura ɗumi daga daɓe. Jariri kuwa gadonsa daban kusa da uwa, a kwantar da shi rigingine, babu matashi babu bargo mai nauyi. A gidan da wuri ya yi kaɗan ne aka fi jarabtuwa da kwantar da shi tsakanin 'yan'uwansa ko a kan kujerar falo, kuma nan ne hatsarin danne shi ya fi yawa.

Falo kuma a bar tsakiyarsa fili. Teburin cin abinci mai kujeru shida yana cinye wurin da za a yi sallah da jam'i, a ci abinci a kan leda, a yi aikin makaranta, baƙo ya kwana. Ƙaramin tebur mai naɗewa ya isa.

Kaya da nauyinsu

Bangon ciki falle ne da bai kai rabin inci ba, ba ya riƙe ƙusa. Duk kantar da za a rataya, da duk kabad mai tsayi da yaro zai iya hawa ya rinjayo, sai an ɗaure su a jikin katakon da ke tsaye cikin bango. Ana gano shi da maganaɗisu, yana kama kan ƙusoshin da ke jikinsa. Kowane yaro a ba shi akwatin roba biyu masu shiga ƙarƙashin gado, kayan da ba na lokacin ba su tafi rumbun waje in dokar unguwa ta yarda a kafa shi. Wanki kullum kaɗan-kaɗan ya fi tara na mako, domin babu inda tarin zai zauna.

An auna daɓen da nauyin kusan kilo 195 a kan kowane murabba'in mita, kuma ƙarfinsa yana kan ƙarafan nan biyu da suka bi tsawon gidan, ba a gefen bango ba. Firiza cike da nama da buhunan shinkafa shida kada a jibge su a kusurwa ɗaya, a rarraba, ko a sa ma'aikaci ya ƙara tokarar bulo a ƙarƙashin wurin. Idan ƙofofi suka fara cijewa, ko ƙwallo ta riƙa gangarawa da kanta, gidan ya karkata, ana buƙatar masu daidaita shi. Wannan ba aikin maƙwabci mai jak ɗin mota ba ne. Haka ƙarin ɗaki ko rumfa: sai da izinin ƙaramar hukuma da na unguwa, kuma ya tsaya da ƙafafunsa, kada ya jingina nauyinsa a bangon gidan.

Lantarki, hita da garwashi

Lissafin ɗaya ne. Wutar soket a Amurka bolt 120 ce, layi mai bireka (abin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa) ta amfiya 15 yana ɗaukar wat 1,800, kuma abin da zai daɗe a kunne kada ya wuce 1,440. Hitar ɗaki guda wat 1,500 take ci. Ita kaɗai ta cika layin, alhali sau da yawa ɗakuna biyu layi ɗaya suke. A ƙara dutsen guga ko butar lantarki, sai bireka ta faɗi. Faɗuwarta gargaɗi ne. Wanda ya cire ta ya sa ta amfiya 20 a kan siririyar waya ya mayar da wayar cikin bango ita ce za ta ƙone. Ku ɗauki rabin awa ku kashe bireka ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta soket ɗin da kowace ke riƙe da su, ku manna a ƙofar akwatin. Hita a soka ta kai tsaye a bango, ba a wayar ƙari ba, a bar ƙafa 3 tsakaninta da labule ko katifa, a kashe ta kafin barci. Soket da ke ɗumi, ko ya yi baƙi, ko yake warin roba, a kashe layinsa a kira mai lasisin lantarki.

Babbar na'urar ɗumama gidan tana cikin wani ɗan kabad a lungu. Ba ma'ajiyar tsintsiya da buhu ba ne. A duba matacinta duk wata, gida mai yawan mutane yana saurin cika shi da ƙura. Ratar da ke ƙarƙashin ƙofofin ɗakuna da gangan aka bar ta, ta nan iska ke komawa wurin na'urar, kada a toshe da tsumma.

Kada a ɗumama gida da murhun girki ko hitar gas ko kananzir marar bututun hayaƙi. Ban da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kashe mai barci, kowane kilo na gas ɗin furofen da ya ƙone yana barin fiye da lita ɗaya da rabi na ruwa a iskar ɗaki. Garwashin gawayi shi ya fi kowanne haɗari, ko na gashi ne ko na shayi. Turaren wuta a sa shi a kaskon lantarki. Kuma kada a cire batirin ƙararrawar hayaƙi don turare ko suya sun sa ta kuka, a danna maɓallin da ke sa ta shiru na ɗan lokaci a buɗe taga.

Wanda kuɗin wuta ya fi ƙarfinsa ya kira lamba 211, ta neman bayanin taimakon jama'a, ya tambayi shirin LIHEAP, mai taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin ɗumama gida, da shirin ma'aikatar makamashi da ke toshe kafofin sanyi kyauta, wanda ya haɗa da gidajen tirela. Yawan iyali yana ɗaga iyakar kuɗin shigar da ake karɓa.

Layin banɗaki

Tankin ruwan zafi yawanci galan 30 ne ko 40. Kan shawa na yau da kullum yana zubar da galan biyu da rabi a minti, wankan minti takwas galan 20 ke nan, mutum biyu sun kusa ƙarar da tanki. Na lantarki kuwa wajen galan 20 yake iya sake ɗumamawa a awa. A canza kan shawa zuwa mai galan ɗaya da rabi, ko a koma bokiti a cikin baho, labule ta ciki: lita 15 ta wanke babba tsaf. Ƙananan yara su yi wanka da dare, manya da safe. A saita zafin tankin a digiri 120 na Faranhait, wato 49 na Salshiyos, sama da haka yana saurin ƙona fatar yaro. Madubi da buroshi da man shafawa a fito da su lungu, don kada mai gyaran gashi ya tare wa mai uzuri ƙofa.

Idan hunturu ya kama

Bututun da ya taso daga ƙasa ya shiga gidan shi ke fara daskarewa. Ana naɗa masa wayar ɗumama bututu, a rufe da soso. A gwada ta tun watan Oktoba, kada a ɗora zagaye a kan zagaye sai in takardarta ta yarda, kuma wadda ta tsattsage a jefar, domin tana tayar da gobara daga ƙasa. A toshe duk inda shingen ƙasa ya ɓalle. Daren tsananin sanyi a buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo don ɗumi ya shiga. Ko tafiya za a yi kada a sauke ɗumin gida ƙasa da digiri 55 na Faranhait. Bututun da ya daskare da na'urar busar da gashi ake narkar da shi, ba da harshen wuta ba. Kowane babba a gidan, har manyan yara, ya san inda makashin ruwan gidan yake.

Gobara da guguwa

Gida siriri mai lungu ɗaya, hayaƙi yana cika shi cikin minti biyu ko uku. A sa ƙararrawar hayaƙi a kowane ɗakin kwana da falo, da ta kabon monoksaid a lungu, a gwada su duk wata, a canza ta hayaƙi bayan shekara 10. Ƙofar baya ita ce aka fi mayarwa ma'ajiya, a jingina mata firiza ko keke. A bar ta fili, da matakala a wajenta. Kowane yaro da ya yi wayo ya buɗe tagar ɗakinsa da hannunsa, ya ture ragar, ya fita ta nan sau ɗaya da rana tsaka, ana kallonsa. A raba ƙanana da suna: wane zai ɗauki jariri, wace za ta kama hannun mai shekara uku, wa zai taimaki kaka. A zaɓi wuri ɗaya a waje, bishiya ko akwatin wasiƙu, inda za a haɗu a ƙirga kai kafin a kira lambar gaggawa, 911.

Guguwar tonado kuwa, hukumar hasashen yanayi ta Amurka ba ta ɓoye ba: babu wuri mai aminci a cikin gidan tirela, ko an ɗaure shi da ƙarafa a ƙasa. Ɗaurin yana taimako a iska mai ƙarfi, kuma ya kamata a duba shi duk shekara saboda tsatsa da sassauci, amma ba ya tsayar da tonado. Sanarwa iri biyu ce. Ta farko tana cewa yanayi ya dace guguwa ta taso, ta biyu tana cewa an gan ta ko na'ura ta hango ta, kuma tsakanin ta biyu da isowarta mintuna ne kaɗan. Mai yara bakwai ba zai iya jiran ta biyu ba. Tun ranar tarewa ku tambayi ofishin unguwa ko akwai mafaka, wa ke riƙe da makullinta da dare. In babu, ku nemi ginin bulo mafi kusa da zai karɓe ku, ku auna mintunan tafiya da mota cike da yara. Rediyon yanayi mai batir na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, yana kuka da kansa ko da tsakar dare. Ranar da aka yi sanarwa ta farko, takalman kowa su kwana a bakin ƙofa, takardun haihuwa da fasfo da magunguna cikin jaka ɗaya, mota da mai a ciki, gabanta yana kallon titi.